Rumfar da Hafsatu Ba Ta Zauna a Ƙarƙashinta Ba

Daminar bana ta cika shekara shida da aka fitar da ƙanwata Hafsatu daga gidanmu na Tudun Wada zuwa makwancinta. Ni ce babbar yayarta, Binta, malamar sakandare. Rubutun jarida ba sana'ata ba ce, amma na gaji da jin ana ambatonta da ciwonta kaɗai. Duk wanda ya tuna da ita a unguwa, abin da yake fara cewa shi ne, "Allah sarki, ta sha jinya." Gaskiya ne, ta sha. Sai dai ba jinya kaɗai ta zo yi duniya ba, kuma ina so ko sau ɗaya a ambace ta da aikinta.

Hafsatu mai zanen gine-gine ce. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗaya, ba ta yi aure ba, kuma aikin da ta ba ƙarshen rayuwarta ba ta gan shi a tsaye ba.

Da sikila aka haife ta. Mu biyar ne a ɗakin Inna, biyu suka ɗauko ciwon. Na farkon, Auwalu, bai kai shiga firamare ba Allah ya karɓi abinsa, don haka da aka gane Hafsatu ma tana da shi, hankalin Inna bai ƙara kwanciya ba. Idan hadari ya haɗo, kafin a kwashe shanya Hafsatu ake fara nema. Mu muna tsakar gida muna tsalle cikin ruwa, ita tana bakin taga sanye da rigar sanyi, da fensir a hannu. A bayan tsofaffin takardun jarrabawa da Baba ke kawowa daga makarantar da yake koyarwa ta koyi zane. Ba ta zana mutane, ba ta zana furanni. Ragar taga take zanawa, da rufin ɗaki, da yadda aka jera azara a soron kakanmu na cikin birni.

Da ta ce zanen gine-gine za ta karanta a jami'a, Baba ya ɗauki kwanaki yana nazarin maganar. Ya san irin karatun: a wuni a tsaye kan allon zane, a tafi wuraren gini cikin rana. Daga ƙarshe ya kira ta ya ce, "Idan jikinki ya ce ki tsaya, za ki tsaya?" Ta ce za ta tsaya. Dukanmu mun san ba za ta tsaya ba, har da shi mai tambayar.

A shekararta ta uku aka ba su aikin zana katanga mai huda-huda, irin wadda iska ke ratsawa. Ta zaɓi tata ta zama mai lanƙwasa, kuma dole ta ja layukan ragar ɗaya bayan ɗaya da rula da alƙalami, layuka ba iyaka. Ta kusa gamawa malaminta ya duba ya ce ta ƙara lanƙwasar kaɗan. A bakinsa magana ce ƙarama, amma a kan takarda duk layukan da ta ja sun tashi a banza ke nan. Ta shimfiɗa sabuwar takarda ta faro. Ana gab da gabatar da aiki yatsunta suka kumbura, ciwon ya sauka a kafaɗa da gwiwar hannu, aka kwantar da ita. Ranar da 'yan ajinta ke kare zanensu a gaban malamai, ita ana yi mata ƙarin ruwa. Ni nake jinyarta. Ciwon bai sa ta kuka ba a ranar, ta saba da shi. Takardar ta yi wa kuka.

Bayan ta maimaita wannan darasi ne wani malaminsu da ya dawo daga karatu a waje ya nuna musu wata manhajar kwamfuta. Zan bayyana ta yadda ita ta bayyana mini, don ni ban iya ta ba. A cikinta ba ka jan layi da hannunka. Ƙa'ida kake ba kwamfuta. Ka fara ba ta siffar abin da kake so, a ce rufi mai doro. Sai ka ce mata ta raba shi kashi kaza ta tsawo, kashi kaza ta faɗi, ta shimfiɗa layuka a kan rabon, su gitta juna su zama raga. A gefe ɗaya na allon akwai 'yan akwatuna, kowanne da aikinsa, ana haɗa su da wasu zare-zare kamar wayar lantarki. A ɗaya gefen kuma ga rufin, ragar ta lulluɓe shi. Akwai wani ɗan maɓalli da ake ja hagu ko dama. Ka ja shi, idanun ragar su ƙanƙance ko su buɗe. Ka ɗaga doron rufin ko ka karkata shi, layukan gaba ɗaya su bi shi su sake kwanciya da kansu, ba tare da ka goge ko ɗaya ba.

Ranar da ta fara nuna mini, a ɗakinta ne bayan la'asar. Ta riƙa jan maɓallin nan tana mayarwa, ragar tana buɗewa tana matsewa, ni kuwa ina cewa ya yi kyau don dai in faranta mata. Ta juyo ta dube ni.

"Yaya, ba ki gane ba. Ranar da hannuna ya ƙi, yatsa ɗaya ya ishe ni."

Sai a lokacin na gane. Na tashi na ce zan duba tukunya, don kada ta ga idona.

Da ta gama jami'a ta yi bautar ƙasa, ta sami aiki a wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine a cikin gari. Yawancin aikin gidajen mutane ne, ɗaki uku da falo, shaguna a gaba. Tana yi, ba ta raina ba, amma ba nan zuciyarta take ba. Zuciyarta tana harabar asibitin da take zuwa duk wata don a duba ta. A ranar masu sikila mutane kan yi yawa, barandar da ke akwai kuma siririya ce, ba ta ɗaukar kowa. Sauran a fili suke jira, wasu a gindin wata tsohuwar darbejiya da ke tsakiyar harabar. Da rani rana ta gasa su, ga shi ƙishirwa na tayar da ciwon. Da damina ruwa ya jiƙa su, sanyi ma na tayar da shi. Hafsatu ta yi shekaru tana zama a wannan fili, tun ana goyonta.

Iyayen masu ciwon suna da 'yar ƙungiyarsu. Suka ce in za a sami mai zana musu rumfa, za su bi mutane su tara ƙarfe da kwano, hukumar asibitin kuma ta ce ba ta da ja. Hafsatu ta ce ita za ta zana. Sharaɗi biyu ta sa wa kanta. Ba za a sare darbejiyar ba. Kuma ba za a kafa ginshiƙi a tsakiya ba, saboda ta san yadda ake fama a juya keken marar lafiya a tsakanin ginshiƙai. Rufi mai doro ne kaɗai zai iya tsayawa a haka, ragar bututun ƙarfe da za ta ɗauki nauyin kanta ta sauke shi a gefe, da ƙofa a wuri ɗaya inda bishiyar za ta fita.

A nan Yusuf ya shigo. Injiniya ne a ofishinsu, shi ke lissafin ko gini zai ɗauki nauyi. Ita ta shimfiɗa raga, shi ya gwada ta da nauyin kwano da bugun iska, ya ce nan ta yi rauni, ita ta koma ta gyara. Ba a daɗe ba ya fara zuwa gidanmu ranar Asabar, ba kuma kullum da maganar rumfa ba. Mutum ne mai kunya, marar yawan magana. Da ya ce zai turo magabatansa, Hafsatu ta ce a fara gwajin jini. Sakamako ya nuna yana ɗauke da rabin ciwon. Ya ce ya ji ya gani, Allah ke rabon lafiya. Ta ce masa ta san Allah ke rabawa, amma ita ta san ciwon nan daga ciki, kuma ba za ta tsaya tana kallon ɗanta yana yi ba alhali an gaya mata tun farko. Kwana biyu ba ta fito daga ɗaki ba. Ranar Litinin ta shirya ta tafi ofis, suka ci gaba da aikin rumfa, tebur na kallon tebur. Har yau ban san yadda suka iya ba.

Yanzu gwajin nan ya zama ruwan dare. A unguwarmu da wuya a ɗaura aure ba a tambayi takardarsa ba, har 'yan matan ajina suna maganarsa ba tare da sunkuyar da kai ba. Na san da tana nan za ta yi murna. Amma ina tuna cewa a lokacinta wasu daga danginmu cewa suka yi ta cika taurin kai, ta kori mijin da ya yarda da ita a yadda take. Babu wanda ya dawo ya ce mata ta yi daidai tana da rai.

Zanen farko na rumfar ya yi kyau sosai. Ta buga shi a babbar takarda, na raka ta unguwar Kwangila wurin Malam Garba mai walda, wanda ƙungiyar ta zaɓa ya yi aikin. Ya goge hannunsa, ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya daɗe yana kallo.

"Malama, abu ya yi kyau," in ji shi. "Amma cikin bututun nan, guda nawa ne tsawonsu ɗaya?"

"Babu," in ji Hafsatu.

"Kowanne da nasa awon?"

"Kowanne."

Ya ce, "Yankawa ba za ta gagare ni ba. Ranar ɗaurawa nake ji. In ɗaya ya shiga gurbin ɗan'uwansa, daga nan komai zai karkace, kuma ba za mu gane ba sai mun kai sama."

Ta ce ita ma abin da take tsoro ke nan, ta zo ne da fatan zai ce mata ba komai. Suka yi dariya tare. A keke napep muna dawowa ta yi mini bayani. Idan kwamfuta ta raba rufi mai doro kashi-kashi, a tsakiya inda yake da faɗi idanun ragar manya ne, a gefe inda ya tsuke su matse. Shi ya sa babu bututu biyu masu tsawo ɗaya. A ƙasashen da inji ke yanka ƙarfe ya buga wa kowane guntu lamba, wannan ba damuwa ba ce. A Kwangila kuwa, da zarto da tef ɗin awo, damuwa ce babba.

Wata Asabar na zo gida na tarar ta farke buhun albasa, irin mai raga, ta kife ƙwaryar Inna a tsakar gida ta lulluɓa mata shi. Inna na gefe tana mita a kan ƙwaryarta.

"Yaya, dubi zaren nan," in ji ta. "Ya ƙara tsawo?"

Na ce a'a.

"Amma ya kwanta a kan doron lafiya lau. A tsakiya idon ragar a daidai yake, a gefe ya karkace ya yi tsini. Kusurwa ce ke canzawa, tsawo yana nan. Irin wannan nake so. Malam Garba ya yanka awo ɗaya tak, ya daddaƙe bakin kowane bututu ya huda, a haɗa da noti. Kowanne ya shiga ko'ina."

Faɗa ta fi yi sauƙi. Manhajar ba ta zo da wannan ƙa'ida a shirye ba, sai da ta gina ta da kanta, akwati bayan akwati. Ta fara jan layi biyu da suka gitta juna a kan ƙololuwar rufin, ta sa ɗigo a kansu da tazara ɗaya. Daga nan ta koya wa kwamfuta cewa daga kowane ɗigo biyu ta nemo na uku a jikin rufin, wanda nisansa da su biyun daidai yake da awon nan, kamar mai aiki da kamfas ɗin lissafi, ta yi ta maimaitawa har ragar ta kai baki. Watanni ta yi a kai. Sau da yawa ragar takan fara kyau daga tsakiya, tana zuwa gefe sai layukan su hau juna su cukurkuɗe. Idan na tambaye ta yaya aiki, sai ta juyo mini da allon ta ce, "Yau ma taliya muka dafa." A tsakanin nan an kwantar da ita sau biyu. A karo na biyu hannun dama ya ƙi ɗaguwa, ta sa aka kawo mata kwamfutar, ta ɗora ta a kan matashi tana aiki da hagu.

Ranar da ragar ta kwanta, da hantsi ta kira ni a waya ina makaranta. Na tsorata, don kiran Hafsatu a lokacin aiki ba ya zuwa da alheri. Sai na ji tana dariya. Ta ce ta ja doron sama, ta ja shi ƙasa, ta karkata shi, ragar na bi, kuma kowane guntu tsawonsa ɗaya. Na tsaya a barandar aji ina ta cewa alhamdu lillahi, ɗalibai na leƙena ta taga.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce game da yadda abubuwa suka koma. Ɗalibaina yanzu sukan rubuta jimla ɗaya a waya, waya ta fito musu da hoton gini mai raga da lanƙwasa, wanda a da sai an yi wata ana fama. In na je Kaduna ko Abuja ina ganin manyan gine-gine da aka lulluɓe fuskarsu da irin ragar nan, an kawo ta a yanke daga waje, ado kawai take yi, ba ta ɗauke da nauyin komai. Ba na jin za ta yi haushi. Hafsatu ba ta ƙin sabon abu, ita da sabon abu ya ba hannu lokacin da nata ya gaza. Ina jin za ta karɓi wayar ta yi wasa da ita har ta gaji, ta yaba hoton, sannan ta tambayi yaron wa zai yanka, da wane zarto, kuma wa zai zauna a ƙarƙashi. Ta kan ce layin da ke kan allo ba shi da nauyi, sai ya zama ƙarfe a kafaɗar wani ake sanin ko an zana shi da tausayi.

Wuri ɗaya ya rage mata: ƙofar da bishiyar za ta fita. A nan ragar takan yanke ta bar guntaye marasa kan gado. Ita kuma so take layukan su kewaye gindin su wuce, kamar yadda ruwa ke kewaye dutse. Akwai wani babban reshe da ya karkato ƙasa, kuma ba ta yarda da awon da aka kawo mata ba. Wata rana da azahar, sama garau, ta ɗauki tef ta tafi da kanta. Tana hanyar dawowa hadari ya taso, keke ya yi wuya, ruwa ya same ta a bakin titi. Ta shigo gida jagab tana rawar sanyi tana cewa ba komai. Bayan kwana biyu ƙirjinta ya riƙe, numfashi ya fara gagara. Aka kwantar da ita, aka yi ƙarin jini, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu.

Mutane kan tambaye ni ko ta bar wasiyya. Ba ta bari ba, don ba ta ɗauka tafiyar ce ba. Ta shiga irin wannan hali sau da yawa ta fito. Maganar ƙarshe da ta yi mini, da na ce zan je gida in ɗauko kaya, ita ce, "Yaya, ki cire mini kwamfutar daga caji, kar batirin ya lalace." Na je na cire. Washegari da safe, Inna na riƙe da hannunta tana yi mata kalmar shahada, ta cika.

Yusuf ya zauna a ƙofar gidanmu duk kwanakin zaman makoki, a can ƙarshen tabarma. Ba shi da sunan da za a kira shi da shi a gidan, ba miji ba, ba ɗan'uwa ba. Masu gaisuwa suna wuce shi su gai da Baba. Baba kuwa bai yi shekara biyu a bayanta ba, shi ma ya tafi.

Inna ta karɓi ƙaddara, amma aikin nan ba ta yafe masa ba. Ta ce shekara talatin tana tsare yarinyarta daga ruwan sama, layukan nan suka fitar da ita suka kai ta cikinsa. Bayan shekara ta zagayo Yusuf ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ya ce zanen yana wurinsa tunda tare suke aiki, iyayen ƙungiya kuma suna tambaya, amma ba zai taɓa shi ba sai da izininta. Inna ta daɗe tana jan carbi.

"Ku yi abin da kuka ga ya dace," in ji ta. "Amma kada wanda ya kira ni in je in gani."

Aka yi. Ba a rana ɗaya ba, don kayan a hankali suka taru. Wani ɗan kasuwa a Sabon Gari, Oga Emeka, wanda shi ma 'yarsa ke zuwa asibitin, shi ya ba da mafi yawan bututun. Malam Garba ya yi ma'auni guda, ya yanka duka a kansa. Na je ranar da aka fara ɗaurawa. Tarin ƙarfe ne a ƙasa, duk iri ɗaya, ba mai cewa rufi mai doro zai fito daga ciki. Aka yi ta haɗawa ana ɗagawa, ana tallafewa da katako, ragar tana hawa tana lanƙwasa da kanta. Da aka janye katakon ta tsaya, sai Malam Garba ya cire hularsa ya share fuska, ya ce, "Allah ya jiƙan Malama."

Wurin bishiyar ne Yusuf ya kasa. Ya gwada ya gwada, layukan suka ƙi kewayewa. Daga ƙarshe ya sa aka lanƙwasa wani kakkauran zoben ƙarfe a kewaye da gindin, aka yanke ragar aka manna ta a jikinsa. Yana da ƙarfi, ba ya yoyo, amma ba shi da kyau. Shi da kansa ya nuna mini. Ya ce, "Yaya Binta, da ita ce da ta samo hanya. Ni abin da na iya shi ne hana abu faɗuwa." Yanzu ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu lafiyayyu. Na je sunan na farkon, na yi masa murna da zuciya ɗaya, na dawo gida na rufe ƙofa na yi kuka. Duk shekara yakan kai ɗaliban zanen gine-gine su ga rumfar, ya buɗe musu fayil ɗinta su ga yadda ta haɗa akwatunan. Ya ce mini ɗalibai mata sun ƙaru a cikinsu yanzu.

Inna ta riƙe maganarta. Ko hanya ta biyo da mu ta wajen asibitin, takan juya fuskarta ga ɗaya gefen titi.

A farkon daminar nan, Sa'adatu, matar ɗan maƙwabcinmu, ta shigo da jaririnta yana ta tsala kuka, bayan hannuwansa da ƙafafunsa a kumbure. Haihuwarta ta fari ce, ta ɗauka wani ƙwaro ne ya cije shi. Inna ta karɓe shi ta duba sau ɗaya, na ga fuskarta ta canza. Ta gaya wa yarinyar a hankali abin da take zato, da inda za ta kai shi. Sa'adatu ta fashe da kuka, ta ce mijinta ya yi tafiya, ita kuma ba ta san kan asibiti ba. Na buɗe baki zan ce ni zan raka ta, sai na ga Inna ta miƙe tana neman mayafinta.

"Binta, nemo mana keke."

Muka karɓi kati muka zauna a kan benci a ƙarƙashin rumfar, cikin mutane. Inna ba ta ɗaga kai ba, idonta na kan jaririn. Can sai gari ya yi duhu, iska ta taso, ruwa ya sauko da ƙarfi. Babu wanda ya tashi. Wata mata ta ci gaba da ba ɗanta kunu, wani saurayi ya juya kekensa na marasa lafiya a tsakiyar fili ya koma kusa da abokinsa. Ƙarar ruwa a kan kwano ce ta sa Inna ta ɗaga kai. Ta bi ragar da ido daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, yadda take duba ɗinki.

"Duk ita ta yi wannan?"

Na ce ita ce.

Idonta ya kai kan zoben da ke gindin bishiyar, ya tsaya. "Nan ba hannunta ba ne."

Na ce a nan ta tsaya. Inna ta gyaɗa kai. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Sai ta juya ga Sa'adatu ta ce, "Matso ciki, 'yata, ki rufe masa ƙafa. Ba a bari sanyi ya taɓa su."

Idan na auna abin da ya rage na Hafsatu, ba shi da yawa yadda duniya ke lissafi. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Babu allo da sunanta a jikin rumfar, kuma masu zama a ciki ba su san wadda ta zana ta ta fi su daɗewa a wannan layi ba. Ƙarfe zai yi tsatsa wata rana, manhajar ma za a daina yayinta. Ba zan ce rumfa ta maye mini gurbin ƙanwata ba. Da za a ba ni zaɓi, da na zaɓe ta a ɗakinta, da fili babu rufi, Allah ya yafe mini. Amma ba a ba ni ba. Abin da aka bar mini shi ne sanin cewa ciwon da ya raunana hannunta bai hana wannan hannu rufa wa wasu asiri ba.

Gwaji ya tabbatar da zaton Inna, an sa wa jaririn ranar zuwa duk wata. Ba wanda ya roƙe ta, amma idan ranar ta zo, tun da safe take ɗaukar mayafi ta aika a kira Sa'adatu. Har yanzu ba ta ambaton rumfar da bakinta, cewa take za ta raka yarinya asibiti. Ta je ta zauna, ta dawo.

Allah ya jiƙan Hafsatu, ya sa wahalar da ta sha ta zama kankarar zunubi, ya haɗa ta da Baba da Auwalu a inda babu ciwo. Wanda ya karanta wannan, in bai manta ba, ya sa ta a addu'a.